TARIHIN LIKITA MILA NA ZARIYA (1872–1952): YADDA BAWAN ALLAH YA GANE AIKINSA A CIKIN IKILISIYA

Gabatarwa

Kowace shekara makarantarmu takan sallami ɗalibai su koma garuruwansu, wasu a nan cikin Zuru, wasu Dabai, wasu Ribah, Mahuta ko Wasagu. Da yawa daga cikinsu sukan shiga majami'a ran Lahadi su zauna a bencin baya, a yi sujada a tashi, su koma gida. Babu wanda ya ba su wani aiki, su ma ba su nema ba. Bayan ɗan lokaci sai zuwan ya fara yi musu nauyi, daga nan a daina ganinsu. Idan aka bincika dalili, sau da yawa sai a tarar matashin ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa tun da bai iya waƙa ba, bai kuma iya wa'azi ba, to babu wurinsa a cikin ikilisiya.

Domin irin waɗannan 'yan'uwa, da mu duka, aka kawo tarihin Dokta Walter Miller, wanda mutanen Zariya suka fi sani da Likita Mila. Ba ɗan ƙasar Zuru ba ne, ba kuma a nan ya yi aikinsa ba. Amma duk wanda ya taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa a ƙasar nan ya ci moriyar guminsa, gama shi ne ya ɗauki mafi yawan nauyin fassarar farko ta dukan littafin, wadda aka buga a shekarar 1932. Abin lura shi ne, ba wannan aiki ya fito yi daga ƙasarsu ba. Sai da ƙofofi da yawa suka rufu a gabansa kafin ya gane inda Ubangiji ya ajiye masa rabonsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Walter Miller a shekarar 1872 a garin Honiton, cikin yankin Devon a kudu maso yammacin Ingila. Da ya girma ya tafi birnin Landan ya yi karatun likita a babban asibitin nan na Saint Bartholomew, wato asibitin da aka sa wa sunan manzo Bartalamawas. A zamanin ɗalibtarsa akwai farkawa ƙwarai a tsakanin ɗaliban jami'o'in Ingila da Amurka, inda samari da 'yan mata masu yawa suke miƙa kansu domin kai bishara ƙasashe masu nisa. Mila yana cikin waɗanda wannan kira ya taɓa zuciyarsu, sai ya shiga ƙungiyar mishan ta Ikilisiyar Angilika wadda aka fi sani da C.M.S.

A wancan lokaci labarin ƙasar Hausa ya fara yaɗuwa a Ingila. Wasu 'yan mishan biyu, John Alfred Robinson da Graham Wilmot Brooke, sun zauna a Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa, amma ciwo ya ɗauke su, na farko a 1891, na biyu a 1892. Ɗan'uwan marigayi Robinson, wato Charles Henry Robinson, ya yi tattaki har Kano a ƙarshen 1894, ya koma gida ya rubuta abin da ya gani, ya kuma tsara ƙamus na Hausa. Ta haka Mila ya ji labarin wata babbar al'umma mai birane da ganuwa, da malamai, da fatake masu ratsa hamada. Ya ƙudura a ransa cewa can zai yi aikinsa. A ganinsa hanyar a fili take: zai shiga da akwatin magani, ya warkar da marasa lafiya, ta nan kuma ya sami kunnen jama'a.

Koyon Hausa a Tarabulus

Kafin a shiga ƙasa sai an ji harshenta. Da yake a lokacin ba shi yiwuwa Bature ya je Kano ko Katsina ya zauna ya koyi Hausa, sai C.M.S. ta aika da Mila da wasu abokan aikinsa zuwa Tarabulus, a bakin tekun Bahar Rum, cikin ƙasar da ake kira Libiya a yau. A zamanin garin yana ƙarƙashin mulkin Turkawa, kuma nan ne ayarin raƙuma daga ƙasar Hausa yakan sauke kaya. Saboda haka akwai Hausawa da dama a garin: fatake, da mahajjata masu neman guzurin ƙarasawa Makka, da bayin da suka sami 'yanci.

A nan Mila ya gamu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid, ana kiransa Audu, wanda ya taso da mahaifinsa za su aikin haji, mahaifin ya rasu a hanya. Wannan yaro ya zama ɗaya daga cikin malaman Mila na farko, daga baya kuma ya bi shi ya taya shi aiki. Mu lura da wannan, likita mai takardar shaida daga Landan ya zauna gaban yaro maraya yana koyon yadda ake gaisuwa da yadda ake ɗaura magana. A Tarabulus ne aka fara ganin cewa Allah ya ba Mila kunne da harshe fiye da na abokan tafiyarsa. Shi kansa a lokacin yana ɗaukar koyon Hausa a matsayin shiri kawai, kamar yadda manomi yake wasa fartanya kafin damina. Bai san cewa wannan ne zai zama babban aikin rayuwarsa ba.

Tafiyar Kano ta 1900

A farkon shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar daga Ikko zuwa Kano. Sauran su ne Likita Mila, da Rabaran Richardson, da Rabaran Dudley Ryder, da wani mai suna Burgin. Babu jirgin ƙasa zuwa Arewa tukuna, gama sai a 1911 dogo ya isa Kano. Da ƙafa da doki suka yi tafiyar, suka haye Kwara a Jebba, suka yi wajen wata uku a hanya. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci, amma da suka isa Kano a watan Afrilu, Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su fita daga birninsa.

Idan muka duba da idon adalci, Sarki yana da dalilinsa. A ran 1 ga Janairu na wannan shekara Turawan Ingila suka yi shelar cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin mulkinsu, sojojinsu kuma suna matsowa. Ga waɗansu Turawa sun shigo birni ba tare da izini ba, wa zai bambanta masa ɗan mishan da ɗan leƙen asiri? Gaggawar da 'yan mishan suka yi ta jawo musu wahala, ta kuma sa Gwamna Lugga da mutanensa suka ƙara ɗari-ɗari da barin mishan ta shiga biranen sarakuna.

Ayarin ya juyo ya sauka a Girku, wani ƙauye a kudancin Zariya. A nan ciwon atuni ya kashe Ryder, Richardson kuwa rashin lafiya ta tilasta aka mai da shi gida. Daga baya gobara ta cinye masaukinsu, sauran suka janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Duk wanda ya dubi wannan tafiya da idon duniya zai ce asara ce tsantsa: an rasa rai, an rasa dukiya, ba a sami ko mutum ɗaya ba. Amma Mila ya fito daga cikinta da abu guda, wato Hausarsa ta nuna. A 1901 ya wallafa ɗan littafin koyon nahawun Hausa, ya kuma soma juya wasu sassa na Sabon Alkawari. A 1902 ya sāke komawa Girku. Cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi a waɗannan shekaru akwai G. P. Bargery, wanda daga baya ya bar mishan ya shiga aikin ilimi na gwamnati, ya kuma tsara babban ƙamus ɗin Hausa da aka buga a 1934.

Zama a Birnin Zariya

A shekarar 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Mila ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin shan magani da ƙaramar makaranta. Ya riƙa sa tufafi irin na mutanen gari, yana zama da malamai ana muhawara, har ya zama Hausarsa ba ta da makusa a kunnen masu harshen. Gwamnati ma takan nemi taimakonsa wajen juya dokoki da sanarwa zuwa Hausa, yana kuma cikin waɗanda suka ba Lugga shawarar a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko a ayyukan hukuma.

A nan ma ya zo da babban buri. Ya tsara yadda za a kafa makarantar kwana domin 'ya'yan sarakunan Arewa, da wata domin malamai, duka a hannun mishan. Lugga ya nuna goyon baya, amma ya bar Arewa a 1906, waɗanda suka gaje shi kuma ba su amince ba, sarakuna ma ba su saki jiki su ba da 'ya'yansu ga mai wa'azin wani addini ba. Shirin ya rushe. A ƙarshe gwamnati ta ɗanka aikin ga Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Ƙofa ta biyu ke nan da ta rufu.

Abin da ya rage a hannun Mila shi ne 'yan yara kaɗan, wasunsu bayi ne da aka 'yanta, wasu marayu, wasu kuma 'ya'yan talakawa. Ya riƙe su kamar 'ya'yan cikinsa, gama bai taɓa yin aure ba, har wasu suka ɗauki sunansa ya zama sunan gidansu. Yana koya musu karatu da rubutu da lissafi da Turanci da Maganar Allah. 'Yar'uwarsa Ethel ita ma ta zo ta taya shi. A 1907 aka yi wa wani malami mai suna Malam Fate baftisma, yana cikin masu bi na farko a Zariya. Masu tuba ba su da yawa, shekara takan wuce ba a ƙaru da ko mutum biyu ba. Duk da haka kowace rana bayan makaranta Mila yakan zauna da malaman Hausa da manyan ɗalibansa, suna auna kalma da kalma, aya da aya.

Isawa da Ƙauyen Gimi

A shekarar 1913 wani abu ya faru wanda ya faranta zuciyar Mila ƙwarai. Wasu samari suka zo wurinsa daga cikin mutanen da ake kira Isawa. Asalinsu almajiran wani malamin Kano ne mai suna Malam Ibrahim, wanda ta wurin nazarin littattafansa ya riƙa ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda, har aka kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi, cikin ƙarni na goma sha tara. Mabiyansa suka warwatsu wajen Ningi da gabashin ƙasar Zazzau, suna jiran ranar da za a kawo musu cikakken labarin Isa.

Da yawa daga cikinsu suka karɓi bishara. Aka nemi fili a wani wuri da ake kira Gimi, aka kafa ƙauyen masu bi, aka gina majami'a da makaranta, jama'a suka haura mutum ɗari. Wanda ya zauna da su yana kiwonsu shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙin mutum daga tsibiran Karebiyan. Sai dai wurin yana da ƙudan tsando, wanda yake yaɗa ciwon barci. Cikin 'yan shekaru cutar ta kashe mutane da yawa, aka watse, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa makarantar Zariya. Ga likita yana tsaye, ga mutanensa suna mutuwa, ga shi a zamanin babu ingantaccen maganin wannan ciwo. Ƙofa ta uku ta rufu da hawaye. Amma daga zuriyar waɗannan Isawa ne Allah ya ta da manyan mutane, kamar yadda za mu gani.

Ƙaura Zuwa Wusasa

Zaman mishan a cikin birni bai daina jawo gardama ba. Mila mutum ne mai faɗin abin da ya gani ba tsoro, yakan kai ƙarar zalunci ga hukuma, yakan kuma soki gwamnatin Turawa kanta. Wannan hali ya jawo masa ƙauna daga talakawa, ya kuma jawo masa ƙiyayya daga masu mulki, baƙi da farare. Bugu da ƙari, wurin ya yi wa makaranta da asibiti kaɗan. A ƙarshe aka shirya mishan ta fita bayan gari, zuwa wani fili kusa da dutsen Kufena. A 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa a ƙarƙashin jagorancin wani matashin fasto mai suna Guy Bullen. Aka gina majami'ar Saint Bartholomew da ƙasa, bisa fasalin ginin Hausa, aka kuma kafa asibiti da makarantu.

Mila bai so wannan ƙaura ba ko kaɗan. A ganinsa fita daga birni ja da baya ne, bayan shekara ashirin da huɗu yana riƙe da wurin. Masu tarihi sun yarda cewa mutum ne mai kafiya, wanda aiki tare da shi ba shi da sauƙi. Amma a nan ne ya yi abin da ya kamata kowane shugaba ya yi koyi da shi. Bai tsaya yana ja da sababbin ma'aikata ba, bai kuma raba kan masu bi domin su bi bayansa ba. Ya bar Wusasa a hannun matasa, ya koma Kano, birnin da aka kore shi shekara talatin da suka wuce, ya duƙufa a kan ƙarasa fassara.

Littafi Mai Tsarki na 1932

Ba Mila ne ya fara juya Maganar Allah zuwa Hausa ba. Tun a ƙarni na goma sha tara wani Bajamushe ɗan C.M.S. mai suna J. F. Schön ya yi wannan ƙoƙari a Ingila, da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu, har aka buga Sabon Alkawari a 1880. Amma Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, don haka fassararsa ba ta shiga kunnen jama'a sosai ba. Ana bukatar wanda ya sha ruwan ƙasar, ya ji maganar kasuwa da ta fada da ta zaure.

Aikin ba ƙarami ba ne. Littattafai 66 ne, 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabon Alkawari, surori 1,189. Kowace kalma mai nauyi sai an tsaya a kanta: wace kalma za ta ɗauki ma'anar alheri, ko fansa, ko barata, ko tuba, yadda manomi zai fahimta, malami kuma ba zai raina ba? Akwai kuma bambancin Hausar Kano da ta Sakkwato da ta Zazzau. Mila bai yi aikin shi kaɗai ba. Akwai kwamiti na ƙungiyoyin mishan dabam-dabam da yake duba abin da aka juya, a cikinsu har da Dokta Andrew Stirrett na S.I.M., wanda ake kira Bature Mai Magani. Akwai kuma Hausawa masu bi da malamai waɗanda su ne ainihin ma'aunin harshen, ko da yake sunayen yawancinsu ba su shiga littattafan tarihi ba. A 1932 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta fito da cikakken littafin.

Amfanin wannan aiki ya wuce inda Mila ya zata. Shi dai Hausawan birni ya sa a gaba, amma waɗanda suka fi rungumar littafin su ne kabilu masu yawa na tsakiyar Nijeriya da kudancin ƙasar Hausa, waɗanda kowace tana da harshenta, Hausa kuwa ita ce ta haɗa su a kasuwa. Daga Filato zuwa Adamawa, daga kudancin Zariya zuwa ƙasar Nijar, da shi aka koyar da masu bishara, da shi dubban mutane suka fara koyon karatu. Haka ya faru a ƙasarmu. 'Yan mishan na U.M.S., waɗanda aikinsu ya haifi ikilisiyar U.M.C.A., sun iso Salka da Zuru a shekarun 1920, ba da daɗewa ba kuma littafin ya fito. Da shi Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari suka iya zama a benci ɗaya su ji karatu ɗaya. Sai bayan kusan shekara hamsin aka fito da sabuwar fassara, har yanzu kuma akwai tsofaffi a cikinmu da ayoyin da suka haddace na tsohuwar fassara ne.

'Ya'yan Makarantarsa da Ƙarshen Rayuwarsa

Ƙaramar makarantar da ta fara da marayu ita ma ta ba da 'ya'ya. Daga jama'ar Zariya da Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka kuma sa wa babban asibiti a Kaduna sunansa. Akwai Malam John Tafida, wanda shi da Rupert East suka rubuta littafin Jiki Magayi. Akwai Farfesa Ishaya Audu, daga zuriyar Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa ya yi aikin bishara. Mila ya nemi 'ya'yan sarakuna bai samu ba, sai Allah ya ɗauki 'ya'yan talakawa ya zaunar da su tare da sarakuna.

A 1935 Mila ya ajiye aiki da C.M.S. ya koma Ingila, amma zuciyarsa ba ta zauna ba. Ya dawo Nijeriya a 1939, daga baya ya zauna a Bukuru kusa da Jos, yana koyar da Hausa, yana rubuce-rubuce a kan makomar ƙasar nan. A can ya rasu a shekarar 1952 yana da shekara tamanin, aka binne shi a ƙasar da ya ba rayuwarsa.

Abin da Za Mu Koya

Na farko, mutum yakan gane baiwarsa ne a cikin aiki. Mila bai zauna a Landan yana jiran wahayi ba. Ya fita da abin da yake hannunsa, wato aikin likita, a hanya kuma ya tarar da baiwar harshe. Ɗalibin da yake so ya san aikinsa a ikilisiya, sai ya fara da abin da yake gabansa. Ya je wurin fasto ko dattijon ikilisiya ya ce a ba shi aiki, ko sharar majami'a ne, ko jera benci, ko riƙe ajin yara a makarantar Lahadi. Mai zaman jiran gawon shanu ba ya gane ƙarfinsa.

Na biyu, rufewar ƙofa ba ƙarshen kira ba ce. An hana Mila Kano, an hana shi makarantar 'ya'yan sarakuna, ciwo ya watsa Gimi. Littafin Ayyukan Manzanni sura 16 ya nuna mana yadda aka hana manzo Bulus shiga wasu yankuna kafin a buɗe masa hanyar Makidoniya. Wataƙila ka nemi shiga ƙungiyar mawaƙa aka ce muryarka ba ta dace ba, ko kin tsaya zaɓen shugabancin matasa ba a zaɓe ki ba. Wannan bai isa dalilin yin fushi a daina zuwa sujada ba. Wanda bai iya waƙa ba, mai yiwuwa ya iya lissafi, ma'ajin ikilisiya kuwa yana neman mai taya shi rubuta baiko. Wadda ba a zaɓa ba, mai yiwuwa ita ce za ta riƙa karanta wa tsofaffin Zumuntar Mata Littafi, waɗanda idonsu ya raunana.

Na uku, bukatar jama'a ita ce takan nuna wa mutum wurinsa. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni a kan rabon abincin gwauraye ne ya sa aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas da Filibus. Ku dubi ikilisiyoyinmu na ƙauye. Akwai inda babu mai rubuta rahoton taro, akwai inda manya suke marmarin koyon karatu babu mai koya musu, akwai marasa lafiya da ba mai ziyartarsu. Akwai kuma harsunanmu na gida, C'Lela da sauransu, waɗanda suke bukatar 'ya'yansu masu ilimi su iya rubuta su, su yi wa tsofaffi fassarar wa'azi da kyau. Ɗalibin da ya gama sakandare yana riƙe da abin da ƙauyensu yake nema, ko da shi yana ganin abin kaɗan ne.

Na huɗu, babu mai yin aikin Allah shi kaɗai. In ba don Audu ba, da Malam Fate, da Thompson, da malaman da ba mu san sunayensu ba, da Mila bai kai ko'ina ba. Mu mutanen ƙasar Zuru mun san wannan tun daga golmo: samari sukan shiga gona tare, kowa da kunyarsa, in ɗaya ya tsaya sai a ga gurbinsa a fili. Haka manzo Bulus ya kwatanta ikilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa a 1 Korantiyawa sura 12, inda ya nuna cewa gaɓar da ake gani kamar ba ta da daraja, ita ma jiki ba ya iya rabuwa da ita.

Na biyar kuma domin mu manya ne, malamai da dattawa da shugabannin ƙungiyoyi. Mila yana da rauninsa, kafiyarsa ta wahalar da abokan aikinsa. Amma da lokaci ya yi, ya saki Wusasa ga waɗanda suka zo bayansa, aikin kuwa ya ci gaba ya haɓaka. Sau da yawa matasanmu ba su rasa niyya ba, wuri suka rasa, domin mutum ɗaya ya riƙe muƙami uku shekara da shekaru. Idan muna so su zauna a ikilisiya, sai mu kira su da sunansu, mu ba su aiki, mu jure kuskurensu na farko, kamar yadda Barnaba ya jure wa Markus har ya zama mai amfani.

Kammalawa

Ɗalibai masu fita a wannan shekara, makaranta ta yi nata. Kun yi hidima a F.C.S., wasu sun yi Birged, wasu sun jagoranci addu'ar safe. Kada wannan ya tsaya a ƙofar makaranta. Ran Lahadin farko da kuka koma gida, ku gabatar da kanku ga shugabannin ikilisiyarku, ku karɓi duk aikin da aka ba ku, ku riƙe shi da aminci. Likita Mila ya yi shekara fiye da talatin tsakanin korarsa daga Kano da fitowar littafin da muke karantawa, saboda haka kada ku ƙosa in shekara ɗaya ko biyu ta wuce ba ku ga amfanin wahalarku ba.

Ubangiji ya bi da ku, ya nuna wa kowannenmu aikin da ya shirya masa, ya kuma ba mu ƙarfin yinsa har ƙarshe. Amin.